Kafin Ka Kai Zarto Washi, Duba Zamansa

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta, musamman iyayen gida masu yara a shago.

Duk wanda ya saba shiga 'Yan Katako, ko ta Na'ibawa ce ko ta Rijiyar Lemo ko Dei-Dei, ya san kukan injin da ke cikin wahala. Ana tura katako yana gurnani, ƙauri na tashi, gefen yankan ya fito da baƙin tabo kamar an ɗora masa dutsen guga. Abin da za ka fara ji shi ne "zarto ya dakushe." Sai a kwance a kai washi, a dawo da shi da kaifi, a ɗaura, ƙauri bai fasa ba. Daga nan laifi ya koma kan katako, a ce ɗanye ne. In ba haka ba a ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Ranar da injin ya tofo katako ya daki yaro a ciki kuwa, sai a ce yaron ne ba ya natsuwa. Kowanne cikin waɗannan yana iya zama gaskiya. Amma akwai dalili guda da ba kasafai ake waiwayarsa ba, shi ne zarton ba ya zaune daidai da hanyar da katako ke bi. Gabansa na kallon wuri, bayansa na kallon wani.

Zarton tebur faifai ne mai juyawa ta wajen mai turawa. Haƙoran gaba suna gangarowa ƙasa, su ne masu yanka, kuma suna danne katako a kan tebur. Haƙoran baya tasowa suke yi daga ƙasa zuwa sama, ba su da aikin yi sai wucewa ta cikin tsagar da na gaba suka buɗe. A zarto mai inci 10 da aka fi samu, faɗin haƙori kusan milimita 3.2 ne, kaurin faifan kuma kusan 2.2. Ka ga ke nan sararin da ke kowane gefe rabin milimita ne kacal. Idan bayan zarto ya karkata wajen majinginin da katako ke bi, to katakon yana shiga wurin da ke ƙara tsukewa. Haƙoran baya su fara gogarsa, zafi ya taru, ga tabon ƙuna. In matsin ya yi yawa, haƙori ɗaya ya cafki katakon ya ɗaga shi kan zarto, sauran su wurgo shi baya. Lissafin ba wuya: zarto mai inci 10 da ke juyi 4,000 a minti, bakin haƙorinsa na gudun kusan kilomita 190 a awa. Babu zafin naman da zai kauce wa wannan. Mafi muni, hannun da ke riƙe da katakon a bayan zarto yakan bi shi ya faɗa kan haƙora.

Idan kuma karkatar ta ɗaya gefen ce, haɗarin ya ragu amma aiki ya lalace. Katako zai riƙa janyewa daga majingini, kana tura shi yana gudu, yankan ya fito da faɗi a wani kai da siranta a wani. Ka zo haɗa ƙofar kabad ka ga baki ya ƙi haɗuwa, ka kama cikawa da gam da garin katako.

Ga hanya mai sauƙi ta raba gardama tsakanin laifin katako da na inji. Ɗanyen katako, ko wanda ya bushe a murɗe, yana iya rufe tsaga ya kama zarto ko da saitin injin ba shi da aibi. Masu tsaga malaina da maɗaci sun san wannan. To nemi guntun filawud ko MDF mai miƙaƙƙen gefe ka tsaga. Shi ba ya murɗewa. In shi ma ya ƙone, ko ka ga zanen haƙora biyu suna gittawa juna a fuskar yankan, ko gari na feso maka daga bayan zarto, ka ƙyale katako, injinka ne.

Kafin a taɓa komai a zare wayar wuta daga soket. Ba kashe makunni ba, zarewa. Ɗaukewar NEPA ba kashe inji ba ne, kuma yawancin injinanmu na ƙirar gida makunninsu ba ya sakin kansa idan wuta ta tafi, tana dawowa zarto zai tashi ko hannun wa ke kai.

Sai a fara da abin da ya fi sauƙi. Kwance zarton, wanke danƙon da ya daskare a haƙora da kananzir, goge faifan ƙarfe biyun nan da ke matse shi. Ƙwayar gari ɗaya a tsakaninsu ta isa ta sa zarto rawa. Mayar da shi, kama shi da hannu ka girgiza hagu da dama. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, boris ya ci, kuma duk saitin da za ka yi a kan mataccen boris ɓata lokaci ne. Juya shi a hankali kusa da bakin fensir da ka kafa a tebur. In yana taɓawa yana saki da yawa, faifan ya lanƙwashe, ba ya gyaruwa da saiti.

Yanzu awo. Injinan kamfani suna da kwarmi dogo a kan tebur, gefen zarto, inda ƙarfen yankan gicciye ke zamewa. Wannan kwarmin shi ne alƙali, domin shi kaɗai ne ba ya motsi, a jikin teburin aka sassaƙa shi. Ɗaga zarto iya tsayinsa. Zaɓi haƙori ɗaya ka yi masa alama da maka. Ɗaya na ce, saboda haƙoran galibin zarto a karkace suke bi da bi, wannan hagu wancan dama, kuma babu faifan da ya miƙe ɗari bisa ɗari. In ka auna haƙora biyu daban ka auna bambancinsu ne, ba zaman zarto ba. Kawo mai alamar gaba daidai fuskar tebur, ka auna tazararsa daga kwarmi. Juya shi baya, ka sake aunawa. Tef ba zai yi wannan aikin ba, idonsa bai kai ba. Masu hali suna amfani da agogon awo mai allura irin na masu tanin. Wanda ba shi da shi ya sami ɗan katako ya ɗaura masa sukuru a kai, ya matse shi a jikin ƙarfen yankan gicciye, ya warware sukurun har kansa ya ɗan shafi haƙorin, sannan ya zame shi baya. In ya tokare, baya ya matso. In ya bar sarari, cusa takarda ka ƙirga: takardar A4 guda kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Abin da ake nema kada bambancin gaba da baya ya wuce takarda ɗaya. Na san wani zai yi dariya ya ce katako muke yanka ba agogo muke gyarawa ba. Ka tuna sararin nan rabin milimita ne duka-duka.

Gyaran ya danganta da ƙirar inji. Manyan injina masu akwatin ƙarfe, irin tsofaffin Wadkin na Ingila, kayan cikinsu a jikin akwatin suke, teburin kuma ɗora shi aka yi. Nan sai a sassauta notocin da ke riƙe da tebur, galibi huɗu, a juya teburin kansa kaɗan. Ƙananan injina kuwa kayan cikin a rataye suke a ƙarƙashin tebur, don haka su ake motsawa: a sassauta notocin, a bar ɗaya da ɗan ƙarfi ya zama madogara, a ɗora guntun katako a jikin ƙarfen a ɗan buga da guduma. Kada a daki ƙarfen kai tsaye, zubi ne, tsagewa yake. Buga kaɗan, auna, buga kaɗan, auna. Wurin da mutane suka fi faɗuwa shi ne ɗaurewa. Ka samu awo ya yi daidai, ka kama noti ɗaya ka murɗe shi har ƙarshe, komai ya goce. A bi su ɗaya bayan ɗaya a gicciye, kowanne kaɗan-kaɗan, ana duba awo har a gama. Wanda ke yankan kwana ya kwantar da zarto zuwa digiri 45 ya sake aunawa. In a nan ne kawai ya karkace, gaba da bayan kayan cikin ba tsayi ɗaya suke ba, sai a yi ciko da siririn washa ko yankin gwangwanin lemo.

Bayan zarto ya daidaita da kwarmi, sannan a zo kan majingini, shi ma a daidaita shi da kwarmin. Jerin ke nan, kada a juya shi. Wasu sukan bar zarto a karkace su karkatar da majingini ya bi shi. Tsaga a tsaye za ta yi kyau, amma duk yankan gicciye zai fito da ƙuna da ɓarewar baki. Idan za a yi kuskure, gara ƙarshen majingini ya buɗe da kaurin takarda ɗaya da ya tsuke.

To mu da injinmu na mai walda fa, irin wanda ake haɗawa a Panteka da makamantanta? Teburin falanki ko farantin ƙarfe, shaf a kan boris biyu, bel da fuli, babu kwarmi ko ɗaya. Ba na raina waɗannan injina, su ke ciyar da gidaje da yawa. A nan zarton ne alƙali. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin faifan, tsakanin haƙora, ka ja layi a kan tebur daga gaba har baya, ka zana shi da ƙusa yadda ba zai goge ba. Duk lokacin da za a kafa majingini a auna daga wannan layin a kai biyu. Abin da na fi gani shi ne a auna gaba da tef, a matse, a daki baya da guduma bisa ƙiyasin ido. Sannan a riƙa duba notocin gidan boris, domin jan bel da girgiza suna karkatar da shaf sannu a hankali. In ya motsa, layin da ka zana ya zama ƙarya.

Saura wuƙar bayan zarto, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke hana tsaga rufewa. Ita ce abin da ake fara kwancewa a jefar in an sayo inji, wai tana tare aiki. Sau da yawa tana tarewa ne don ba a saita ta a layin zarto ba. Kaurinta ya fi na faifai amma kada ya kai faɗin haƙori, tazararta da haƙora kuma kada ta wuce milimita 8. Mai walda zai iya yanka maka ita a ɗan lokaci.

A Amurka, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa zarton tebur na raunata mutum kusan 30,000 a shekara, kimanin 4,000 daga ciki har da rasa yatsa ko wani sashen hannu. A can ne Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop a 1999, injin da ke tsayar da zarto cikin abin da bai kai kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ba da zarar ya taɓa fata. Fasaha ce mai ban mamaki, kuɗinta ma haka. Amma ko shi ba ya hana katako dawowa ya daki mutum idan saiti ya karkace.

Maganata ta ƙarshe ga iyayen gida ce. Yaron da ka tsayar a bayan inji bai san akwai wani abu wai shi saitin zarto ba. Ya ji katako ya yi tauri, sai ya ƙara ƙarfi, domin yana tsoron a ce masa rago. Duba wannan haƙƙinka ne, ba nasa ba, kuma sifana da sukuru da takarda kawai yake ci. Gobe da safe kafin a tayar da inji, zare waya, yi wa haƙori ɗaya alama ka auna gaba da baya, ka kira yaran su tsaya su gani. Wanda ya karanta kuma ya tura wa kafintan da ya sani. Allah Ya tsare mana hannayenmu.