Jak Ba Ya Riƙon Amana

Ƙaramar mota ta kan kai nauyin kilo 1,000 ko fiye, amma da jak ko yaro sai ya ɗaga ta. Wannan sauƙi shi ke ruɗin masu gyaran mota a gida, har su manta aikin jak ɗagawa ne kurum, ba riƙewa ba.

Akwai wani tsohon direba wanda maƙwabta su ke yi wa dariya saboda nawarsa. In zai duba ƙarƙashin motarsa a gareji, sai ya tsai da ita bisa daɓe mai ƙarfi, inda ba gangara. Ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya danna waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna ƙasa. Sa'an nan ya kafa jak daidai wurin da maƙeran motar suka nuna, ya ɗaga sannu sannu. Ko hannu ba ya sawa ƙarƙashi sai ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ya sauke nauyin a kansu, ya girgiza ya ga ba ta motsi. Bulo kuwa bai yarda da shi ba, don ya kan farfashe ba sallama.

Dalilinsa shi ne, jak ɗinsa da mai ya ke aiki. In robar ciki ta tsufa man ya zurare, sai motar ta sauko, wanda ke kwance ƙarƙashi kuwa ba shi da zarafin fita.

Masu dariya suna ta yi, shi kuwa ga shi ya tsufa cikin iyalinsa, haƙarƙarinsa cif. Rigakafi dai ya fi magani.