Gado Mai Jan Wutsiya

Duk baƙon da ya shigo gidanmu ya ga akunmu, tambaya biyu yake yi. Ta farko, "Yana magana?" Ta biyu, "Nawa ake sayar da irinsa?" Ta farkon ba ta ba mu wahala, don sau da yawa kafin mu buɗe baki shi akun ya riga ya yi wa baƙon sannu da zuwa. Ta biyun ce muke jan ƙafa a kanta, ba kuwa don rowa ba. Mun shekara ashirin da 'yan kai tare da tsuntsun nan, muna ƙaunarsa kamar ɗan gida, kuma wannan ƙaunar ce ta sa ba ma son wani ya je ya sayo nasa.

Baba ne ya kawo shi. Fataucin manja yake yi tsakanin kudu da Kano, wata rana ya dawo daga wajen Ikom, kusa da iyakar Kamaru, da wani kwali mai huji-huji. Da aka buɗe sai ga tsuntsu ruwan toka, fuskarsa fara, wutsiyarsa ja wur, yana wani gurnani kamar ƙaramin kare. Suna bai ba mu wuya ba. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san akun da ya riƙa tsare ɗan sarki Musa da labarai har aka naɗa shi waziri, don haka namu ma Waziri aka sa masa. Muna ce masa "shi", amma a irin wannan aku da wuya ido ya bambanta namiji da mace. Tunda dai bai taɓa saka ƙwai ba, mun bar shi a namiji.

Wanda bai taɓa kiwon aku ba yana ɗauka ado ne, a rataye keji a tsakar gida, a watsa masa gyaɗa, shi ke nan. Gyaɗar ma ita ce matsala ta farko. Aku yana sonta kamar yadda yara ke son alawa, amma mai ya yi mata yawa, kuma idan ta yi fumfuna tana jawo masa ciwon huhu mai wuyar magani. Baba ya koyo daga mutanen can cewa a daji 'ya'yan kwakwar manja ne babban abincinsa, don haka kowace tafiya sai ya taho da ƙulli guda na Waziri. Sauran kuwa abin da gida ke ci ne kafin a sa gishiri da mai: ɗanyar masara, dawa, gwanda, ayaba, gwaba, karas, ganyen zogale, wani lokaci dafaffen ƙwai. Irinsa suna yawan fama da ƙarancin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, shi ya sa ake fito da shi ya sha hantsi kowace safiya. Fiya, wadda wasu ke kira avokado, ba ta kusantar kejinsa, haka cakulan, don dukansu guba ne gare shi.

Abin da ya fi canza mana tsarin gida shi ne hayaƙi. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, abin da zai sa mutum atishawa shi yana iya kashe shi cikin dare ɗaya. Gidan Bahaushe kuwa ba ya rabuwa da hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, na feshi, ga janareta. Umma, wadda ba ta iya kwana ba ta turara ɗaki ba, sai da ta koma turara ƙuryar ɗakinta kawai, ƙofa a rufe. Idan za a yi feshin sauro, Waziri ake fara kwashewa kamar jariri. Da hunturu kuma bargo ake lulluɓa wa kejin tun magariba, don tsuntsun kurmi ne, bai san sanyin Kano da busasshiyar iskarta ba. Da rana a fesa masa ruwa mai ɗumi ya buɗe fukafukai yana ihu. Yana bukatar barcin awa goma ko fiye, wanda ke nufin hirar dare ba ta yiwuwa a kusa da shi. Sannan akwai wata farar ƙura mai laushi da jikinsa ke fitarwa, tana kwanciya a kan talabijin da kujeru da baƙin mayafi. Zama da maɗaukin kanwa ne sosai. Yayarmu mai asma, idan ta zo gida, a ɗakin da ya fi nisa da shi take kwana.

Ɓarna kuwa ba a magana. Bakin da ke fasa kwakwa, me zai hana shi wayar caja? Ya ci carbin Baba biyu, ya ci gefen ƙofar falo, ya taɓa yagalgala takardar sakamakon jarrabawar ƙanenmu, wanda har yau wasu a gidan suna zargin da haɗin baki aka yi. Idan ba a ba shi icce ko kwali ya tattauna ba, zai nemo da kansa.

Maganarsa ce ke jan mutane, kuma gaskiya abin mamaki ce. Aku ba shi da leɓe; da wata gaɓa a can ƙasan maƙogwaro yake sarrafa sauti, yana taimakawa da harshensa mai kauri. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba kalma kaɗai yake ɗauka ba, har da muryar mai ita. Waziri yana da muryar Umma idan tana kiran yara, yana da ƙarar ƙyauren gidan, da kukan wayar Baba ta farko, wadda ta mutu tun tuni amma har yau takan yi ƙara a tsakar gidanmu. Yana da barar almajirai. Yana da "An kawo wuta!", kuma ya gane cewa idan ya faɗa mutane suna tashi da gudu, don haka ya fi faɗa lokacin da babu wutar. Wata gwaggonmu ta yi wata biyu ba ta tako gidan ba, bayan ya maimaita a gabanta, da muryar da kowa ya gane, wata magana da aka yi a kanta bayan ta fita. Tun daga nan ake sassauta murya a kusa da keji.

Mutane sukan ce kwaikwayo ne kawai, bai san abin da yake faɗa ba. Mu ba mu yarda da haka gaba ɗaya ba. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi aku irin namu a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara talatin tana nazarinsa har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da ɗari, yana bambanta launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Namu bai je makaranta ba, amma bai taɓa cewa "sai da safe" da hantsi ba, kuma "sannu" yake ce wa duk wanda ya yi tari ko ya yi tuntuɓe. A daji aku cikin garke yake rayuwa, kullum suna kiran juna don kowa ya san inda ɗan'uwansa yake. Wanda aka raba da garkensa, mutanen gidan ne suke zama garken. Maganar tasa, a fahimtarmu, kira ne yake yi da yaren da ya ga muna amsawa.

A cikin garken nan kuwa Baba ya zaɓa. Aku yakan ɗauki mutum guda ya liƙe masa, sauran sai dai ya yi haƙuri da su. Baba kaɗai ke iya sosa masa ƙeya, shi kaɗai yake hawa kafaɗarsa ya ja masa hula. Mu muna wanke keji, muna yanka gwanda, sakayyarmu cizo.

Da Baba ya rasu, kwana uku gidan a cike, Waziri bai ce uffan ba. Ya daina cin abinci sosai, ya takure a kan sandarsa. A rana ta huɗu, da asuba, mutane sun ragu, sai muka ji gyaran murya, irin na Baba, sau biyu a jere kamar yadda yake yi idan ya dawo daga masallaci. Sai sallama. Sai kuma, "Hajiya, na dawo." Ba kama ba ce, muryar ce ɗungurungum, har da 'yar shaƙewar da yake yi a ƙarshen magana. Ƙanwarmu ta saki butar da ke hannunta. Umma tana ɗaki tana takaba, ba mu ji motsinta ba na ɗan lokaci, can sai muka ji ta amsa sallamar a hankali.

Nan gidan ya rabu biyu. Babban yayanmu ya ce a kai tsuntsun gidan wani har Umma ta fita takaba, don ba zai yiwu kowace asuba a riƙa fama mata ciwo ba. Wasunmu sun goyi bayansa, kuma ba rashin tausayi ba ne. Akwai wadda ta koma kwana gidan maƙwabta don ba ta iya jurewa. Kawu, da yake malami ne, ya ce sallamar tsuntsu ba wajibi ba ne a amsa ta. Umma ta saurari kowa, ta ce, "Ku bar min shi. Shi ma rashin aka yi masa." Ba wanda ya ƙara magana.

Kuma rashin aka yi masa ɗin. Cikin 'yan makonni ya fara fige gashin ƙirjinsa da bakinsa, har fata ta bayyana. Likitan dabbobi ya duba shi, ya ce ba ƙwari ba ne, ba cuta ba ce, damuwa ce, kuma abu ne sananne a irin wannan aku idan ya rasa wanda ya saba da shi ko aka bar shi shi kaɗai. Maganin da ya rubuta mana ba na kanti ba ne: a zauna da shi, a yi masa magana, a fito da shi daga keji kullum, a ba shi abin yi. Sabo ake yi wa kuka, in ji Hausawa, ashe har tsuntsu. Autarmu ce ta ɗauki aikin. Takan zauna kusa da kejin da littattafanta tana karatu da ƙarfi, ya cije ta ya fi a ƙirga, sai bayan kusan wata biyar ya sunkuyar mata da kai ta sosa. Gashin ya dawo, ban da wani ɗan fili kamar kwabo da bai sake tsirowa ba.

Wurin rabon gado ma sai da maganarsa ta taso, don dukiya ce, dole a yi masa kuɗi. A lokacin ne wani ya aiko da tayi mai tsoka, ya ce maigidansa ke nema. Ba mu sayar ba, aka ƙiyasta shi aka sa a kason Umma. Amma tayin ya sa muka bi diddigin dalilin tsadar. Irin wannan aku a dazuzzukan kudancin Nijeriya, Kamaru, Gabon, Kongo da Ghana yake, kuma yana ƙarewa. A Ghana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari sun ɓace tun daga 1992. A 2016, a taron ƙasashe kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Yadda ake kama su ma ba daɗin ji: a shafa danƙo a reshe, a ɗaure wani aku ya yi ta kira, 'yan'uwansa su sauko su manne, ko a hau bishiya a kwashe 'ya'ya daga kogo. Da yawa suna mutuwa a kwali kafin su kai kasuwa. Sai muka tuna gurnanin nan na ranar farko, da yadda har yau Waziri ke rikicewa idan ya ga an shigo da doguwar sanda. Wasu sun ce to mu sake shi mana. Ina zai je? Babu kurmi a Kano, bai san neman abinci ba, shaho ko yaran unguwa ne za su gama da shi kafin la'asar. Abin da ya rage mana shi ne haƙƙinsa, kuma Umma ba ta gajiya da tuna mana hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha.

Akwai wani abu da muka lura da shi daga baya. Aku yana riƙe abin da ake amsa masa, wanda aka yi watsi da shi kuma yakan bar shi a hankali. Maganganun Baba da yawa sun fita daga bakinsa: yadda yake kiran direbansa, yadda yake faɗa idan an bar famfo a buɗe. Sallamar asuba ce ta zauna daram, don kullum akwai mai amsawa. Ba mu da muryar Baba a kaset, 'yan saƙonnin da ke waya kuma sun tafi da wayar da ta lalace. Jikokin da aka haifa bayansa, a bakin Waziri suka san muryar kakansu. Don haka yanzu har waɗanda suka ce a fitar da shi, idan suka kwana a gidan, amsawa suke yi.

Irin wannan aku yana kai shekara arba'in zuwa sittin a hannun mutane. Lissafin ba ya bukatar alƙalami: mai yiwuwa ne ya wuce Umma, ya wuce wasunmu. Ga shi an sa ranar auren auta bayan sallah, kuma gidan da za ta shiga ɗaki biyu ne a bene, a Kaduna. Angon ya ce ba shi da matsala, amma bai taɓa jin ihun Waziri da ƙarfe shida na safe ba. Idan ta tafi da shi, Umma ta rasa sallamar asuba. Idan ta bar shi, muna tsoron ƙirjin nan ya sake komawa fata. Mun yi zama biyu a kai ba mu tsayar da magana ba. Kafin nan dai an ɗora ɗan yayanmu, mai shekara tara, a kan aikin: kullum bayan Islamiyya yana zuwa ya zauna gaban keji da yankan gwanda a tafin hannu. Satin da ya wuce Waziri ya karɓa ba tare da ya cije shi ba, sau ɗaya.