Abin da Jatan Lande Suka Koya Mini Game da Ruwa

Mu 'yan Kafanchan tun muna yara muka san jatan lande, amma a bushe, cikin buhunan da ake kawowa daga kudu. Garinmu mahaɗar jirgin ƙasa ne tun 1927, saboda haka miyar kowace ƙabila ta shiga tukunyarmu. Shi ya sa ranar da na shigo gida da 'yar robar ruwa, da rayayyu guda goma sha biyu a ciki, jajaye wur, mahaifiyata ta riƙe baki ta ce, "Kai yaron nan, abin da ake dakawa a zuba a miya shi za ka ciyar?"

Waɗannan dai ba irin na miya ba ne. Asalinsu daga ƙasashen Sin da Taiwan ne, inda masu kiwo suka yi ta zaɓen masu launi har aka sami ja daga masu ruwan ƙasa. Babbansu da ƙyar yake wuce santimita 3. Na sa su cikin akwatin gilashi da yashi da ciyawar ruwa. Gansakuka suke tsinta, su kan tuɓe ɓawonsu in sun girma, macen kuwa ta kan rungumi ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta kamar mako uku ko huɗu. Kafin wata shida sun fi ƙarfin ƙirga, har tsohuwa ta koma jawo kujera tana kallonsu bayan La'asar.

To, ni aikina a Kaduna yake, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Wata rana da damina sauro ya dami ƙanena, ya fesa magani a ɗakin ya rufe ƙofa. Da na dawo ranar Asabar, ko ɗaya ban tarar da rai ba. Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ne ban gaya masa ba. Jatan lande dangin ƙwari ne na kusa, dafin da ke kashe sauro shi ke kashe su, ko da ɗan abin da ya sauka a kan ruwa ne.

Na zubar da ruwan ina tunani. Ko digo ba a zuba a cikin akwatin ba, iska ce kawai ta kai. To, ina ga rafukanmu? Kowace damina ana fesa magani a gonakin citta da masara daga Kachia har Zangon Kataf, wasu kuma a bakin rafi suke wanke tankin feshi. Muna yara mun sha jin masu zuba Gamalin a ruwa don kama kifi, watau dafin da yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da shi a gona a 2009. Kogunan ƙasar nan suna da nasu jatan landen, har da wani babba mai tace abinci da hannuwa kamar mafici, wanda ake samu a Binuwai wajen Makurɗi. Su in sun mutu ba mai gani, balle ya yi juyayi.

Na sake kiwo, na kuma koya wa mutanen gida. Amma yanzu in na je kallon ruwan Matsirga, na kan sunkuya in ɗaga dutse in duba ko akwai mai motsi a ƙarƙashinsa. Jama'a, ruwan da ya gagari ƙananan halittu, shi mu ma muke ɗiba mu sha. Manomi ya wanke tankinsa nesa da rafi. Allah Ya sa mu gane.