Ranar da Jirgina Ya Yi Tafiyar Ƙaguwa

Tunkiya Inna ta sayar ta ba ni kuɗin in cika in sayi kwamfuta, saboda aikin makaranta. Rabin kuɗin a katako suka ƙare. Wani bidiyo na gani a YouTube, Bature ya haɗa ɗan jirgin ruwa a gidansa, babu inji, iska kaɗai ke tura shi. Na ce to mu me zai hana?

A zauren wani abokina a Birnin Kudu na haɗa shi, don kada a gani a gida. Tsawonsa ƙafa 10, na liƙe duk mahaɗar katakon da kwalta. Na kafa gora a tsakiya, igiya uku na riƙe da ita, ɗaya gaba, biyu gefe. Tanfol ɗin shanya shinkafa na yanka mai kusurwa uku na ɗaura mata, igiya ta huɗu kuma a hannuna, da ita zan ja ko in sassauta.

Kawuna, yayan Inna, yana fito a kogin Gwaram da damina. Can muka kai jirgin a a-kori-kura, lokacin ruwa ya ja baya, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kawu ya zagaya shi sau biyu bai ce uffan ba. Sai ya ɗaura mini jarkoki biyu a ƙirji, ya ɗaura doguwar igiya a bayan jirgin. "Na sha tsamo gawa a ruwan nan," in ji shi, "ba zan tsamo ɗan ƙanwata ba."

Wallahi da ya hau ruwa bai yi yoyo ba, har na fara jin kaina injiniya. Na ja igiya, tanfol ya cika. Maimakon gaba, sai jirgi ya kama tafiya a karkace kamar ƙaguwa, ya je ya kafe a yashi. Sau uku. Yara sai shewa suke.

Kawu, wanda bai taɓa ganin jirgin iska ba, ya kifa shi ya shafa ƙasansa. "Yaro, wannan ai faranti ne. Da me zai kama ruwa?" Ya samo wani falle na katako ya ɗaure a gefe, ya nutsa shi tsaye cikin ruwa. Iska daga gefe take turowa. Katakon ya hana zamewa gefe, sauran ƙarfin dole ya tafi gaba. Abin haushi, wannan lissafin na raba ƙarfi gida biyu mun zana shi da kibiyoyi a aji, har maki mai kyau na ci. A bidiyon ma akwai katakon, ni na ɗauka ado ne.

A karo na huɗu na haye, ina jin ruwa na ƙara a ƙarƙashina, hannuna na rawa.

Da za mu tafi Kawu ya ja ni gefe. "Maganar tunkiya, ka faɗa wa uwarka da bakinka kafin Juma'a, in ba haka ba ni zan zo."