Ranar Ibadan Ba Ranar Kano Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina dafa shayi a nan Sabo, kuma kowa ya san teburin da babu haske ba ya tara jama'a. Da man janareta ya fi ƙarfina, sai na sayi ɗan batir irin na fankar caji, wanda aka rubuta 12V 7Ah a jikinsa, da ƙwan fitila mai wat 5.

Saura farantin sola. Ƙanena da ke Kano ya ce da ni a waya, "Yaya, ɗauki mai wat 10, ni da shi nake aiki, ya ishe ka har da rara." Na saya. A watan Fabrairu lafiya lau. Da Agusta ta shigo, hadari ya lulluɓe gari, tun ƙarfe goma na dare fitila take fara lumshewa, daidai lokacin da direbobi ke zuwa. Kafin wata ya ƙare batirin ya daina riƙe caji.

Wani dattijo mai gyaran rediyo, abokin cinikina, shi ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan kwalin sukari. Ya ce 12 sau 7, 84 ke nan, amma irin wannan batir rabi ake ɗiba, wato 42, in ba haka ba ya mutu da wuri. Fitilata awa 6 tana cin 30, cajin waya kamar 10, jimla 40. A damina kuwa kada in lissafa rana mai ƙarfi fiye da awa 3. Wat 10 sau 3, 30. A cire kwata na asara, saura kamar 22.

"Malam," in ji shi, "kullum kana fitar da 40, kana mayar da 22. Ai uwar kuɗi kake ci."

Wallahi a nan na gane, don wannan yarenmu ne na 'yan kasuwa. Na sayi sabon batir da faranti mai wat 20, wanda ke ba da kamar 45 bayan asara. Na haɗa da kwantirola, domin faranti kai tsaye yana iya cika batir har ya kumbura.

Ƙanena bai yi ƙarya ba, da ranar garinsu ya auna. Mu da ke zaune a kurmi, da Agusta za mu yi lissafi. Yanzu har ƙarfe ɗaya na dare ina ganin canjin da nake bayarwa.