Sulusi Da Sumuni, Wanne Ya Fi?

Da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aji huɗu aka ba ni a wata makarantar ƙauye. Darasin da ya faɗo mini shi ne gwada ɓangarori a lissafi, watau a san wanne ya fi wanne, a kuma jera su daga ƙarami zuwa babba. Ran Jumma'a kuwa malaminmu na kwaleji zai zo ya ba ni maki.

Ran Litinin na rubuta 1/3 da 1/8 a allo, na ce, "Wanne ya fi girma?" Kusan duk ajin suka ce ɗaya bisa takwas. Da na nemi dalili, wani yaro ya ce, "Malam, ai takwas ta fi uku." Sai na koya musu yadda aka koya mini a makarantar mishan, watau a mai da lambobin ƙasa su zama iri ɗaya, sa'an nan a dubi na sama. Suka kwafa, suka haddace. Ran Talata na gwada su da 1/4 da 1/6, sai aka koma gidan jiya.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Laifin ba na yaran ba ne, nawa ne. Na ci jarrabawa da wannan ƙa'ida, amma ban taɓa tambayar kaina abin da lambar ƙasa ta ke faɗi ba.

Ran Laraba na sayo rake biyu, tsawonsu ɗaya. Na ɗaga su na ce, "Wannan na mutum uku ne, wannan kuwa na mutum takwas. Wa ke so ya shiga cikin takwas ɗin?" Ba wanda ya ɗaga hannu. Wata yarinya ta ce, "Malam, in masu sha sun yi yawa, rabon kowa ƙanƙancewa ya ke yi." Ashe sun san sulusi ya fi sumuni tun daga gida, ni ne na ɓoye musu shi cikin lambobi.

Sai yaron nan na ran Litinin ya ce, "To, Malam, in raken mutum takwas ɗin dogo ne ƙwarai fa?" Na ce masa ya yi gaskiya. Ba a gwada ɓangarori sai abin da aka raba ya zama girmansa ɗaya. Ni ban ko rubuta wannan cikin shirin darasina ba.

Daga nan muka ci gaba. Wanda ya sha 3/4 ya bar rubu'i, wanda ya sha 5/6 ya bar sudusi. Tun da sudusi ya fi ƙanƙanta, mai 5/6 ya fi sha. Da muka zo kan 3/8 da 4/7 kuwa, sai muka auna su da rabi: na fari bai kai rabi ba, na biyu ya ɗara shi.

Saura jerawa. Nan na tuna da kakana, da ya kan ce kafin a kawo naira a 1973 sule ɗaya kwabo 12 ne, rabinsa sisi, rubu'insa taro. Ran Alhamis na sa kowane yaro ya tsinto tsakuwa 12, muka ce su ne sulenmu. Suka raba da hannunsu, suka ga 2/3 tsakuwa 8 ne, 3/4 tsakuwa 9, 5/6 kuwa 10. Da na rubuta 8/12 da 9/12 da 10/12 a allo, sai suka gane ƙa'idar ran Litinin ce ta dawo, amma yanzu sun san inda ta fito.

Ran Jumma'a malaminmu ya zo ya zauna a bayan aji. Wani yaro ya sake cewa 1/9 ya fi 1/5, gabana ya faɗi. Kafin in buɗe baki, na kusa da shi ya raɗa masa, "Mutum nawa za su sha?" Yaron ya yi shiru kaɗan, ya gyara da kansa. Da aka tashi, abin da malaminmu ya ce mini kawai shi ne rubutuna a allo ya karkace.

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, in wannan darasi ya faɗo muku, kada ku fara da ƙa'ida kamar yadda na yi. Ku fara da abin da za a raba, ko rake ne ko karan dawa. Ƙa'ida ta biyo baya.