Yadda Muka Ƙera Wa Babur Gado

Sa'ad da aka manna takardar rabon makarantu na koyarwar gwaji, a watan Agusta na 2024, na duba na ga an jefa ni wata 'yar makarantar ƙauye a bisa tsaunin Mambila, gaba da Gembu. Abokaina suka yi ta yi mini dariya, suna cewa in nemi bargo biyu. Bargo kam na samu. Abin da ya hana ni barci shi ne hanya, gama an gaya mini daga Gembu zuwa ƙauyen nan mota ba ta shiga da damina, sai babur ko ƙafa, ga shi kuwa a can ruwa ba ya ɗaukewa da wuri.

Allah ya taimake ni, asibitin mishan na garinmu suka yarda su ara mini babur ɗinsu na shiga daji, Yamaha AG 200, irin wanda aka yi domin gonaki, mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora. Suka ce in mayar da shi yadda na karɓe shi. Suka kuma hana ni hawansa daga Jalingo zuwa Gembu, tun da ya ke ni sabon hannu ne, tafiyar kuwa ta yini guda ce. Sai dai a ɗauke shi a mota.

Kawuna yana da wata tsohuwar akori-kura, Toyota Hilux, wadda ya ke kai gishiri da siminti Gembu da ita, ya sauko da ayaba. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya ce, "Ɗana, in na sa babur ɗinka a bodi, ina zan sa gishirina? Ko kai za ka biya ni kuɗin rabin lodi?" Ba ni da kuɗin rabin lodi, amma ina da bakin ɗan kwaleji. Na ce masa zan sa a ƙera abin da direbobi ke kira kariya, watau gadon ƙarfe a bisa bodi, babur ya hau sama, kaya su kwanta a ƙasa. Ya ce in na sayi ƙarfen, shi zai biya aiki.

Daren nan na auna kome. Tsawon bodi ƙafa 7 da rabi, faɗinsa ƙafa 5, babur kuwa ƙafa 7, nauyinsa ya haura kilo 100. Na zana gado mai ƙafafu 4, kowace ta ɗara bakin bodi da ƙafa 3, don Kawu ya sami wurin tara buhuna. Na raba nauyin gida 4, na ga kowace ƙafa abin da za ta ɗauka bai wuce kilo 30 ba, wanda ko ƙafar gadon ɗakin kwananmu tana ɗauka. Na ja layi biyu da jar tawada a ƙarƙashin amsa, kamar yadda aka koya mana.

Da safe na kai wa wani dattijo mai walda a bayan tasha, wanda kowa ke kira Baba. Ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Malam, zanenka ya yi kyau. Amma wannan teburin ofis ne. Teburi ba ya tafiya."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Baba, ku duba lissafin, ai ga shi nan."

Ya ce, "Lissafin babur a tsaye ka yi, ko na babur a guje?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauko guntayen ƙarfe 4, ya ɗiga musu walda a kusurwoyi, suka zama kamar firam ɗin taga. Ya tsayar da shi a ƙasa ya ce in hau. Na hau, bai motsa ba, na dube shi ina murmushi. Da na sauka sai ya sa hannu guda ya tura shi daga gefe, nan da nan ya karkace kamar tsohuwar rumfa. Ya miƙe shi, ya gitta masa ƙarfe na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce in tura. Na tura har jijiyar wuyana ta tashi, ko gezau.

To, jama'a, abin kunyar shi ne na san wannan. A zangon da ya wuce ni da kaina na rubuta darasi a kan cewa siffa mai kusurwa 3 ba ta karkacewa, mai kusurwa 4 kuwa tana yi, har malaminmu ya ba ni maki mai kyau. Amma a kaina abin nan na allo ne da alli, ban taɓa zaton zan gamu da shi a bayan tasha ba.

Baba ya bayyana mini sauran. Ya ce nauyin da ke danna ƙasa shi ne ƙaramin abokin gaba. In direba ya taka birki, babur so ya ke ya wuce gaba ya shiga ɗakin direba. In an sha kwana, so ya ke ya fita ta gefe. In taya ta faɗa rami, sai ya yi sama ya dawo da ƙarfin da ya fi nauyinsa. Kuma gwargwadon tsawon gado, gwargwadon yadda zai riƙa rinjayar motar dukanta a kwana. Don haka ya yanke ƙafafuna daga ƙafa 3 zuwa daidai bakin bodi, ya ce siminti ya kwanta a can ƙasa ya riƙe motar. Kawu ya yi gunaguni a kan buhunan da ya rasa, Baba ya tambaye shi ko buhu ya fi mota. Ya yi shiru.

Kwana 3 muka yi. Aka yanka ƙarfe mai kusurwa na inci 2 aka yi firam, aka gitta shi gaba da baya da gefe. A tsakiya aka shimfiɗa kwararo inda tayoyi za su zauna, a gabansa aka yi wani maƙogwaro mai kama tayar gaba. Ba a yi walda a jikin motar ba ko ɗigo, aka huda aka ɗaure da noti, domin tankin mai yana kusa, domin kuma Kawu ya iya kwance abin in ya ga dama. A ƙarshe aka shafe shi da jan fenti mai hana tsatsa. Rana ta farko na ƙi sa gilashi, ina leƙen wutar walda ta tsakanin yatsu. Daren nan na kwana kamar an zuba mini yashi a ido.

Saura zobba 4 na ɗaure igiya. Na roƙi Baba ya bar ni in yi ɗaya da hannuna. Ya bar ni. Wallahi nawa ya fi nasa kyan gani, sumul. Ya ɗauki guduma ya ba kowanne bugu guda. Nasa 3 suka yi ƙara kamar ƙararrawa, nawa ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ya ce narkakken ƙarfen kwanciya kawai ya yi a sama, bai ci jikin firam ba. Ya sake shi bai ce mini kome ba, wannan shirun kuwa ya fi mini zafi da faɗa.

Ran tafiya ba mu wahala da katako ba. Kawu ya ja motar da baya ya jingina da wani tudu, muka tura babur ya hau gadonsa. Muka rufe masa mai, muka sa shi a giya, muka ja kansa ƙasa da igiya har ƙafafun gaba suka ɗan lotsa. Igiyar leda ce, gama kuɗina sun ƙare a ƙarfe, ban sayi ɗamara mai tsukewa ba. Baba ya ce igiyar nan tana saki in ta jiƙa ta sha girgiza, a duba ta duk inda aka tsaya. A Bali na duba, na ƙara tsukewa. A Serti ana yayyafi, ga yunwa, Kawu ya ce, "Ka duba?" Na ce na duba. Daga ƙofar mai abinci na hango ta.

Daga Mayo Selbe hanya ta fara hawa, ta wurin da a ke kira Hawan Biyu da Sisi, sunan da ya rage tun zamanin sule. Wanda bai taɓa bi ba, ya sani tsaunin nan ya haura ƙafa 5,000, hanyar tana nannaɗe da shi kamar rawani, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya. Muna cikin hazo sai ga babbar mota ta sauko ta cinye kwana. Kawu ya take birki ya kauce. Na ji wani ƙara a bayanmu, na waiga ta gilashi na ga babur ɗin asibiti ya kwanta wajen rami.

Muka tsaya muka sa wa tayoyi duwatsu. Igiyar hagu ta saki har ta zame. Maƙogwaron ne ya riƙe tayar gaba, igiyar dama kuma tana rataye a zoben nan da Baba ya sake. Madubi guda ya fashe, ledar gefe ta tsage. Kawu ya dube ni ya ce, "A Serti ka ce ka duba." Na ce, "Kawu, ƙarya na yi." Ya miƙo mini bakin igiya, muka ɗaga muka ɗaure, kāna muka sake dubawa a Maisamari, da Nguroje, da wani wuri ma inda babu gari.

Mako na biyu a ƙauye na sa 'yan aji 5 suka kawo kara da ƙaya, muka yi firam, na sa ƙaramin cikinsu ya tura. Madubin kuwa na saya daga kuɗin guzurina, na kuma gaya wa mutanen asibiti yadda ya fashe. Gadon har yanzu yana bayan motar Kawu, yana ɗaukar baburan mutane da shi yana karɓar kuɗi, maganar kuɗin ƙarfena kuwa duk sa'ad da na tashe ta sai ya tambaye ni labarin Serti.